Darar Ces: Yadda 'yar shekara 12 ta ba da sarauniya ta kama sarki

 A ɗauko allo a jera 'ya'ya, domin wasan wannan mako ba na karantawa a kishingiɗe ba ne. Taku 17 ne kacal, amma wanda ya bi shi da hannunsa, gurbi bayan gurbi, zai fi wanda ya haddace shafi goma amfana. Mata biyu ne suka buga shi a gasar ƙasashen duniya, kuma wadda ta yi nasara shekarunta 12, wato sa'ar ƙannenku da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare.

A watan Nuwamban 1988 aka yi gasar, a birnin Tasalonika na ƙasar Girka. Ita ce gasar da ake kira Olimfiyad, wadda hukumar ces ta duniya, FIDE, ke shiryawa, kowace ƙasa ta turo tawagarta. An fara ɓangaren mata a 1957, kuma tun daga lokacin duk gasar da matan Tarayyar Sobiyet suka shiga su ke ɗauke zinare. Sai ga ƙasar Hangari ta zo da 'yan mata huɗu, uku daga cikinsu uwa ɗaya uba ɗaya: Susan Polgar mai shekara 19, Sofia mai 14, da autarsu Judit mai 12. Ta huɗun ita ce Ildiko Madl. Da aka tashi gasar, Hangari na da maki 33, Tarayyar Sobiyet na da 32 da rabi. Ku lura da wannan rabin makin. A ces, nasara maki ɗaya ce, canjaras rabin maki. Ke nan da wasan da za mu duba yau ya ƙare canjaras, da tazarar nan ta shafe baki ɗaya. Judit ta buga wasa 13 a gasar, ta ci 12, ta yi canjaras ɗaya, ba wadda ta doke ta.

Abokiyar karawarta a wannan wasa ita ce Pavlina Chilingirova ta ƙasar Bulgeriya, wadda wasu littattafai ke rubuta sunanta Angelova. Babbar mace ce, gogaggiya, ƙasarta ta zaɓo ta. Na faɗi haka ne don kada wani ya ga an gama da ita a taku 17 ya ɗauka 'yar koyo ce.

Saboda sababbin masu bibiyarmu, ga sunayen da muke amfani da su. Akwai sarki da sarauniya. Akwai hasumiya guda biyu a kusurwoyi, ku tuna da ta Gobarau a Katsina, masu tafiya miƙe a tsaye ko a kwance. Akwai doki mai tsallake, da giwa mai tafiya a karkace. Giwa muka ce saboda Larabawa fil suke kiran ta tun zamanin da wasan ya baro Indiya ya bi ta Farisa ya isa Bagadaza. A gaba kuma dakaru takwas. Layukan tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance suna da lamba daga 1 zuwa 8, saboda haka kowane gurbi yana da sunansa, kamar e4 ko g7. A lissafin kasuwa, dakare maki 1 ne, doki 3, giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Ku riƙe lissafin nan, za mu dawo kansa, domin shi ne ya yaudari Pavlina.

Judit ce da farare, ita ta fara.

1. Dakare e4, dakare c5.

Wannan amsa ta c5 ita ake kira Kariyar Sisili, da sunan wani tsibiri na ƙasar Italiya. Mai baƙaƙe ba ya tare e4 gaba da gaba, sai ya sa ido a kan gurbin d4 daga gefe. Buɗi ne na masu neman faɗa, kuma yana cikin waɗanda aka fi bugawa a manyan gasa.

2. Doki f3, doki c6. 3. Giwa b5.

A nan ne Judit ta zaɓi hanya. Yawancin 'yan wasa suna tura dakare d4 a taku na uku, a buɗe tsakiya nan take. Hanya ce mai kyau, sai dai rassanta suna da yawa, an rubuta littattafai masu kauri a kan kowane reshe, kuma wanda bai haddace ba yakan faɗa rami tun kafin ya gane inda yake. Giwa b5 ta fi sauƙin fahimta. Ka fito da doki, ka fito da giwa, hanyar sarki ta buɗe, a taku na huɗu ka shigar da shi ɗaki. Haka kuma giwar tana hararar dokin c6, in ta ga dama ta cinye shi ta bar abokin karawa da dakaru biyu a layi ɗaya, ɗaya na tare wa ɗaya hanya.

Ana kiran wannan buɗi da sunan Nicolas Rossolimo, wanda aka haifa a birnin Kiev a 1910, ya zauna a Paris, daga baya ya koma New York ya rasu a 1975. Gwani ne na gaske, amma ces ba ta riƙe shi ba, har tuƙin tasi ya yi don ya ci abinci. Buɗin nasa ya fi shi arziki: a 2018, da Fabiano Caruana ya ƙalubalanci zakaran duniya Magnus Carlsen a Landan, da shi ya buɗe wasanninsa uku na farko da farare. Ga ɗalibin da ke da lissafi da kimiyya da hadda a gabansa, ba shi da lokacin haddace rassa ɗari, ni dai wannan buɗin nake ba shi shawara idan aka yi masa c5 da doki c6.

3\. ... dakare g6. 4. Sarki ya shiga ɗaki, giwa g7.

Shiga ɗaki shi ne takun da sarki ke matsawa gurbi biyu zuwa g1, hasumiya ta tsallako shi ta zauna f1. A rubuce za ku gan shi O-O. Ita kuma Pavlina ta gina wa giwarta ɗaki a g7, inda take hango dogon layin da ya ratsa allo har kusurwar a1. Wannan giwa ita ce ran wasan baƙaƙe. Ita ce mai kai hari, kuma ita ce mai gadin sarki idan ya shiga g8. Ku bi ta da ido.

5. Dakare c3, dakare e5.

Da c3 Judit na shirin tura d4 tare da mai mara masa baya. Pavlina ta ce ba za a yi ba, ta ƙara mai gadi a kan d4. Takun da aka fi sabawa da shi a nan shi ne doki f6, wanda ke fito da sabon ɗa, ya matsa wa e4, ya kuma share wa sarki hanyar ɗaki. Dakare e5 bai fito da kowa ba. Taku biyar an yi, Pavlina ta kashe uku a kan dakaru, sarkinta yana nan tsakar gida. Wanda ya san darar gargajiya, wadda ake haƙa gurabenta a ƙasa a gindin bishiya, ya san cewa tun wajen zubi ake cin wasa ko a faɗi. Kafin a fara tura 'ya'ya, gwani ya riga ya ga wanda ya zuba nasa a inda za su yi amfani. Buɗin ces shi ne zubinta.

6. Dakare d4!

An hana ta, ta yi. Ta san za ta yi asarar dakare ɗaya, amma ta ga sarkin baƙaƙe yana e8 kuma layin e zai buɗe.

6\. ... dakaren e ya ci d4. 7. Dakaren c ya ci d4, doki ya ci d4. 8. Doki ya ci d4, dakaren c ya ci d4.

Ku tsaya ku ƙirga. Pavlina na da dakaru bakwai, Judit shida. Sarauniyar Judit ba ta isa ta ci dakaren d4 ba, domin giwar g7 na gadin sa. To ina mafita?

9. Dakare e5!

Ga ta nan. Dakaren ya shiga tsakanin giwa da abin da take gadi, kamar a datse hanyar ruwa a fadama. Yanzu d4 ba shi da kowa. Za ku ce ai giwa na iya cinye e5 ɗin kyauta. Tana iyawa, amma sai hasumiya ta zo e1, giwar ta tsinci kanta a ɗaure: in ta motsa sarkinta ne a bayanta, doka ba ta yarda ba, ga kuma dakaren f na shirin zuwa f4 ya soke ta. Pavlina ta ga tarkon, ta ƙi.

9\. ... doki e7. 10. Giwa g5, sarki ya shiga ɗaki. 11. Sarauniya ta ci d4.

Judit ta maido da dakarenta, ga giwarta ta biyu ta fito ta ɗaure dokin e7 a gaban sarauniyar d8. A nan Pavlina ta yi wata dabara mai kyau, kuma ya kamata a yaba mata.

11\. ... doki c6.

Ta janye dokin da aka ɗaure, ta bar sarauniyarta a buɗe, domin dokin da kansa yana barazana ga sarauniyar Judit. In giwa ta ci d8, doki ya ci d4: an yi musayar sarauniyoyi, kuma giwayen Judit duka biyu suna bakin wuta, ɗaya daga doki, ɗaya daga hasumiya. Mai kai hari ba ya son a yi musayar sarauniya. Judit ta kauce.

12. Sarauniya h4, sarauniya b6.

Ku dubi inda kowace ta nufa. Sarauniyar Judit ta tafi unguwar sarkin abokiyar gaba. Ta Pavlina ta tafi can ɗaya gefen allo, farautar giwar b5.

13. Doki c3, giwa ta ci e5.

Dokin ya fito kuma yana kare giwar b5, aiki biyu a taku ɗaya. Pavlina ta ci dakare, kuma giwarta na barazanar cinye dokin c3, wanda in ya tafi giwar b5 ta zama marainiya. Da yawa daga cikinmu a nan za mu janye giwar mu huta. Judit ba ta ko kalle ta ba.

14. Hasumiyar a ta zo e1!

Wannan shi ne takun da na fi so a wasan, ya fi mini wanda ake yawan bugawa a hoto. Hasumiyoyi biyu ne ke iya zuwa e1. Ta ɗauko ta a1, wadda ba ta yi aikin komai ba tun da aka fara, ta bar ta f1 kusa da sarki tana gadin f2, gurbin da sarauniyar b6 ke hange daga nesa. Da wannan taku, babu babban ɗa ko ɗaya na Judit da ya rage a inda aka jera shi. Kowa ya fito gona.

Yanzu Pavlina na da zaɓi. Tana iya mayar da giwarta g7 ta ci gaba da gadin sarki, tana da rarar dakare ɗaya, wasa ya yi tsawo, kowa ya gwada ƙarfinsa. Ko kuma ta karɓi abin da aka miƙo mata. Ta karɓa.

14\. ... giwa ta ci c3. 15. Dakaren b ya ci c3, sarauniya ta ci b5.

A lissafin kasuwa Pavlina ta yi riba: ta fi Judit da doki guda da dakare guda, maki huɗu ke nan. Tsakanin gwanaye rarar maki huɗu kusan an gama wasa ne. Amma ku sake ƙirgawa, wannan karon ku ƙirga masu aiki kawai. Hasumiyar a8 tana kusurwa, ba ta taɓa motsi ba. Giwar c8 ba ta taɓa motsi ba, kuma ba za ta iya ba, domin dakarun b7 da d7 sun toshe mata ƙofofi biyun da take da su. Maki takwas ke nan suna barci. Duk ɗan Bakori ko Kafur ya san manomin da ke da buhunan taki jibge a ɗaki alhali masara ta kai gwiwa tana yin ɗorawa. A takarda ya fi maƙwabcinsa, a gona kuwa ba haka ba ne, kuma damina ba ta jiran a buɗe ɗakin ajiya.

Ga abu na biyu, wanda ya fi muni. Giwa ba ta canza launin gurbi har abada: wadda ta fara a baƙi a baƙi za ta mutu. Giwar da Pavlina ta bayar ita ce mai bin baƙaƙen gurabe. Dakarun da ke gaban sarkinta, f7 da g6 da h7, duk a fararen gurabe suke, suna kuma barin f6 da g7 da h6 a buɗe, waɗanda duk baƙaƙe ne. Giwar da ta rage mata ta fararen gurabe ce, ko da ta farka ba za ta taɓa taka su ba. Ita kuwa Judit giwa ɗaya ta rage mata, kuma ta baƙaƙen gurabe ce. Bango ya tsage, ƙadangare ya ga wurin shiga.

16. Sarauniya h6.

Barazanar da kowa zai fara gani ita ce giwa f6, sannan sarauniya g7, an kama sarki. Pavlina ta gan ta, ta rugo da sarauniyarta gida.

16\. ... sarauniya f5.

Yanzu in giwa ta taka f6 za a cinye ta. Sai dai barazana biyu ce a takun Judit, kuma taku ɗaya ba ya tare biyu. Kafin ku karanta gaba, ku rufe jaridar ku nemo ta biyun da kanku. Ku fara da duba duk takun da ke yi wa sarki kashedi, har wanda kuke ganin hauka ne.

17. Sarauniya ta ci f8, kashedi!

Ta ba da maki tara ta karɓi biyar. Pavlina ta miƙa hannu ta sallama, domin ta ga ƙarshen. Sarki ba shi da wani taku sai ya ci sarauniyar a f8. Sai giwa ta zo h6 da kashedi. Ba zai iya zuwa e7 ko e8 ba saboda hasumiyar e1, wadda aka ɗauko daga kusurwa a taku na 14, ta riƙe layin gaba ɗaya. Dole ya koma g8. Sai hasumiya ta sauka e8. Giwa ta riƙe g7 da f8, dakarunsa sun tare f7 da h7, hasumiya ta riƙe layin baya. An kama sarki.

Yanzu ku yi wani gwaji. Ku mayar da allo yadda yake kafin taku na 17, ku ɗauke giwar c8 ku ajiye ta gefe, sannan ku sake buga ƙarshen. Za ku ga hasumiyar a8 na iya cinye wadda ta sauka e8, dabarar ta rushe. Ashe giwar da ba ta fito ba ba zaman banza kawai ta yi ba, ta tare wa 'yar'uwarta hanya a ranar da aka fi bukatar ta. Dakaren d7, wanda taku ɗaya zai buɗe mata ƙofa, bai samu wannan taku ba har aka tashi, domin kullum akwai wani abin ci da ya fi jan ido.

Ga wasan a rubutun da za ku tarar a littattafai da waya, inda N ke nufin doki, B giwa, R hasumiya, Q sarauniya, K sarki, x kuma ci: 1.e4 c5 2.Nf3 Nc6 3.Bb5 g6 4.O-O Bg7 5.c3 e5 6.d4 exd4 7.cxd4 Nxd4 8.Nxd4 cxd4 9.e5 Ne7 10.Bg5 O-O 11.Qxd4 Nc6 12.Qh4 Qb6 13.Nc3 Bxe5 14.Rae1 Bxc3 15.bxc3 Qxb5 16.Qh6 Qf5 17.Qxf8+.

Akwai abin da nake tsoro duk lokacin da aka nuna wa 'yan koyo irin wannan wasa. Washegari kowa sai ya fara jefar da sarauniyarsa yana jiran a tafa masa. Judit ba ta yi kasada a taku na 17 ba. Ta ƙirga taku uku, kowanne da kashedi, kowanne amsarsa ɗaya ce tilo, ta ga ƙarshe kafin ta taɓa sarauniyar. Wanda bai ga ƙarshe ba ya bar tasa a inda take.

Haka kuma masu son tarkon nan na taku huɗu, inda ake fito da sarauniya h5 da giwa c4 a faɗa wa f7. Kusan kowace makaranta da ake buga ces akwai zakaran da ba shi da wani makami sai wannan. Yana ci ne har ranar da ya haɗu da wanda ya san ya kare e5 da doki c6, ya kuma tura g6 ya kori sarauniyar. Daga nan sai ta yi ta yawo ana korar ta, abokin karawa na fito da 'ya'yansa a kanta. Ku kwatanta da Judit: ba ta taɓa sarauniyarta ba sai a taku na 11, bayan sarki ya shiga ɗaki kuma giwaye biyu sun fito.

Me ya faru da yarinyar daga baya? Hangari ta sake cin zinare a 1990 a Novi Sad, da 'yan matan nan huɗu. Bayan wannan Judit ta daina shiga gasar mata zalla, ta koma buɗaɗɗiyar gasa inda maza suka fi yawa. A Disamban 1991, tana da shekara 15 da wata huɗu, ta samu muƙamin babban gwani, mafi girma a ces, ta karya tarihin ƙarancin shekaru da Ba'amurke Bobby Fischer ya kafa tun 1958. Ta kai matsayi na takwas a duniya, maza da mata a haɗe, kuma har yau babu wata mace da ta shiga goman farko sai ita. A 2002 a birnin Mosko ta doke Garry Kasparov, wanda shi ne na ɗaya a duniya a lokacin, a wasan gaggawa. Ta yi ritaya a 2014. Yayarta Susan kuwa ta bi ɗaya hanyar, ta zama zakarar mata ta duniya a 1996.

Wannan ya kawo mu ga gardamar da ake yi har gobe: tunda ces ba dambe ba ce, ba ƙarfin damtse ake gwadawa ba, me ya sa ake ware wa mata gasarsu? Masu suka suna cewa warewar na rage wa mata buri, tunda wadda ta fi duk mata sai ta ga ta iso, alhali akwai sauran tafiya. Suna kafa hujja da Judit. Masu goyon baya suna cewa mata ba su da yawa a wasan, kuma yarinyar da ta shiga zaure ta ga ita kaɗai ce mace cikin maza hamsin ba lallai ta dawo ba. Ni a ganina, a yanki irin namu gardamar ba ta da wuya. Uba a Malumfashi ko Ɗandume zai fi saurin barin 'yarsa ta je gasar da 'yan mata ne ke bugawa, malamai mata na kula, a cikin makaranta, da rana. In babu irin wannan gasa, yawancin 'yan matanmu ba za su taɓa zama gaban allo ba. Saboda haka a fara da ita. Amma wadda ta cinye 'yan ajinsu kada ta tsaya nan tana jin daɗin sarauta. Ta nemi wanda ya fi ta, ko yayanta ne, ko malamin lissafi, ko kwamfuta, ta sha kaye ta koyi abin da ba ta sani ba. Ku dubi Divya Deshmukh ta Indiya, wadda ta ci Kofin Duniya na mata a Batumi a Yulin 2025 tana da shekara 19, ta kuma samu muƙamin babban gwani da wannan nasara. Ta gasar mata ta bi.

Wani zai ce ai su Judit mahaifinsu, Laszlo Polgar, a gida ya koyar da su tun suna ƙanana, da ɗaki cike da littattafan ces a Budapest, mu kuwa ko allo babu. Gaskiya ne, kuma ba na ba kowa shawarar ya bar aji saboda dara. Amma batun allo ba hujja ba ce. Tunde Onakoya, wanda ya shafe awa 60 yana buga ces a dandalin Times Square na New York a Afrilun 2024, a unguwannin talakawa na Legas ya fara koyar da yara. Phiona Mutesi ta Yuganda, wadda aka yi fim a kan rayuwarta a 2016, daga unguwar Katwe ta fito har ta wakilci ƙasarta a Olimfiyad. Kwalin taliya ɗaya, rula, da biro sun isa a zana gurabe 64. Marfin kwalba 32, launi biyu, a rubuta harafin kowane ɗa a kai. A tabbata gurbin kusurwar hannun dama na kowane ɗan wasa fari ne, kuma kowace sarauniya ta zauna a gurbi mai launinta. 'Yan makarantar kwana, irin 'yan matan Kwalejin Tarayya ta Bakori, ku kun fi kowa dama, domin abokan wasa na nan tare da ku dare da rana. Ku nemi izinin malama ko malamin da ke kula da wasanni, a sa muku lokaci a ranar kulob. Sharaɗi dai kun san shi: ba a sa ko sisi a kai, kuma ba a taɓa lokacin sallah ko na karatu. Masu samun waya a gida lokacin hutu, manhajar Lichess kyauta ce, kuna iya shigar da takun wasan nan ku bi shi gaba da baya.

Abu ɗaya nake roƙo ga duk wanda zai fara: ku riƙa rubuta takunku a bayan littafi, kamar yadda ake yi a gasa. Da ba a rubuta na Tasalonika ba, da yau ba mu da abin dubawa. In an tashi wasa, ku je taku na 12 ko na 15 ku ƙirga manyan 'ya'yanku nawa ne ke zaune a inda aka jera su.

Ga aikin gida. Ku koma bayan taku na 16, sarauniyar Judit na h6, ta Pavlina na b5. A ce maimakon sarauniya f5, Pavlina ta tura dakare f6 don ta kori giwar. Judit ta ci f6 da giwa, Pavlina ta ci giwar da hasumiya. Yanzu farare ne da taku, kuma suna kama sarki a taku biyu. Baƙaƙe na da amsa biyu bayan takun farko, saboda haka sai kun kawo ƙarshen kowace kafin amsarku ta cika. Ku rubuto da sunanku da ajinku da makarantarku. Za mu kawo amsa da sunayen waɗanda suka dace a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.